Saƙon da tsoka take aika wa ƙwaƙwalwa idan an motsa jiki

Ranka ya daɗe, Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina neman ka ba ni fili a shafin wasiƙu domin in tofa albarkacin bakina a kan wani ɓangare na batun motsa jiki wanda na lura ba a cika taɓo shi ba. Na daɗe ina bin shafinku na kiwon lafiya, kuma a duk lokacin da aka zo maganar motsa jiki, abin da ake kawowa shi ne rage ƙiba, da saukar da hawan jini, da kauce wa ciwon sukari da na zuciya. Duk wannan gaskiya ne, ba ni da ja a kai. Sai dai ana barin ƙwaƙwalwa a baya, kamar ita ba ta da rabo a cikin gumin da mutum ya yi, alhali binciken shekaru talatin da suka wuce yana nuna cewa tana cikin masu cin moriyarsa, kuma hanyar da moriyar take bi kafin ta isa gare ta ta ratsa ne ta cikin ƙwayoyin gado. Ni malamin ilimin halittu ne, na shafe shekaru ina koyar da shi a aji, saboda haka ka yi mini afuwa idan halin malanta ya ɗan rinjaye ni.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da nake yawan ji idan an ga dattijo ya fara mantuwa, yana maimaita tambaya ɗaya sau biyar, ko ya tsaya yana laluben sunan jikansa. Sai a girgiza kai a ce gado ne, haka mahaifinsa ya yi, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Da an faɗi haka an rufe zancen, kuma 'ya'yan da ke sauraro sun tashi da tunanin cewa su ma layi suke bi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Akwai iyalai ƙalilan da ke ɗauke da tangarɗa a ɗaya daga cikin wasu ƙwayoyin gado guda uku, wadda kusan dole ta jawo cutar Alzheimer, wato wata cutar mantuwa mai lalata ƙwaƙwalwa a hankali, tun mutum bai tsufa ba, amma irin waɗannan ba su wuce kashi 1 cikin 100 na masu cutar ba. Akwai kuma wani nau'in ƙwayar gado da ake kira APOE4 wanda yake ƙara haɗarin kamuwa, duk da haka mutane da yawa suna ɗauke da shi har su koma ga Mahaliccinsu da hankalinsu garau. Ga mafi yawan jama'a, abin da aka gada yana karkata sikeli ne zuwa wani gefe, yadda aka tafiyar da rayuwa kuma yana da nasa nauyin.

Domin a gane yadda hakan take faruwa, sai na fara da tambayar da nakan yi wa ɗalibai idan mun shiga wannan darasi. Idan ƙwayar halittar da ke cikin tsokar cinya da wadda ke cikin ƙwaƙwalwa suna ɗauke da DNA iri ɗaya, harafi da harafi, me ya sa ɗaya take takurewa ta ɗaga ƙafa, ɗaya kuma take taimakawa a riƙe sunan mutum? DNA ɗin ɗan Adam tamkar littafi ne mai haruffa kusan biliyan 3, kuma a cikinsa akwai ƙwayoyin gado wajen 20,000 waɗanda suke ɗauke da umarnin ƙera furotin iri-iri da jiki yake aiki da su. Kusan kowace ƙwayar halitta tana da cikakken kwafin littafin, amma babu wadda take karanta shi duka. Ta hanta tana buɗe shafukanta, ta tsoka tana buɗe nata, sauran kuma suna nan a rufe. Wane shafi za a buɗe, a wane lokaci, kuma sau nawa za a karanta shi, wannan shi ne abin da masana suke nufi da sarrafa ƙwayoyin gado, kuma ba abu ne da aka yanke sau ɗaya a cikin mahaifa aka gama ba, domin ana ta gyara shi muddin da rai.

Tsawon DNA ɗin da ke cikin ƙwayar halitta guda, in an miƙe shi, ya kai kusan mita 2, kuma an cusa shi ne cikin wani ɗan ƙunshi da ido ba ya iya gani. Ba zai shiga ba sai an naɗe shi, don haka yana nannaɗe a jikin wasu dunƙulallun furotin da ake kira histon, kamar zare a jikin kwarkwaro. A aji nakan rubuta jimla a kan wani dogon siririn ƙyalle, in naɗe shi tam a jikin fensir, in miƙa wa ɗalibi in ce ya karanta. Sai ya juya shi, ya sake juyawa, ya hango harafi ɗaya ko biyu, daga nan ya ce, "Malam, ai sai an sassauta." To, darasin ke nan gaba ɗaya. Idan ƙwayar halitta tana son karanta wani wuri, sai ta liƙa wa histon ɗin wurin wani ɗan sinadari mai suna asetil, naɗin ya yi sako-sako. Akwai kuma wasu sinadaran aiki da ake kira HDAC waɗanda sana'arsu ita ce su ciccire asetil ɗin, naɗin ya sake ɗamewa. Bayan wannan akwai wata alamar, mai suna metil, wadda ake ɗorawa a kan DNA ɗin kansa, kuma idan ta taru a bakin ƙwayar gado galibi takan sa ta yin shiru. Fannin da ke nazarin waɗannan alamomi shi ne efijenetik, sunan da masanin Ingila Conrad Waddington ya ƙirƙiro a 1942. A 2005 wasu masu bincike a Sifen ƙarƙashin Manel Esteller sun duba tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, suka tarar cewa a ƙuruciya alamominsu kusan ɗaya ne, amma tagwayen da suka manyanta sun yi wa juna nisa, musamman waɗanda rayuwa ta raba.

A nan ne nake so in ja hankalinka a kan wani kanun labari da ke yawo a intanet, wai motsa jiki yana canza DNA. Ba ya canza ko harafi ɗaya. Wanda aka haifa da APOE4 zai mutu da shi ko da ya yi gudun da ya kewaye duniya. Abin da ke canzawa shi ne naɗin da alamomin, wato yadda ake karanta rubutun, kuma wannan bambanci ba ƙaƙale ba ne irin na malaman makaranta, domin shi ne yake bayyana dalilin da ya sa amfanin yake zuwa da sauri kuma yake gushewa idan an daina.

Gwajin da ya fi burge ni a wannan fanni an yi shi ne a Cibiyar Karolinska da ke ƙasar Suwidin, aka wallafa sakamakonsa a 2014, kuma dabarar da ke cikinsa ta isa a tsaya a dube ta. Matsalar irin wannan bincike ita ce, idan ka gwada mai motsa jiki da wanda ba ya yi, za a ce maka ai cimarsu daban, barcinsu daban, iyayensu daban, don haka ba ka da tabbacin abin da ya kawo bambancin. Sai masu binciken suka ɗauki matasa 23, maza da mata, suka sa kowannensu ya riƙa motsa ƙafa ɗaya tak a kan na'ura, minti 45 sau huɗu a mako har tsawon wata uku, ɗaya ƙafar kuwa tana hutawa. Ka ga ke nan ƙafafun biyu abinci ɗaya suke ci, a gado ɗaya suke kwana, kuma gado ɗaya suka ci. Da aka yanki ɗan ƙanƙanin nama daga kowace cinya kafin a fara da kuma bayan an gama, sai aka tarar alamomin metil sun sauya a wurare kusan 5,000 a DNA ɗin ƙafar da ta sha aiki, kuma yawan karanta ƙwayoyin gado wajen 4,000 ya canza, da yawansu masu kula da samar da ƙarfi da ginin tsoka. A ƙafar da ta huta ba a ga irin wannan ba. Shekara biyu kafin nan Romain Barrès da Juleen Zierath, su ma a wannan cibiya, sun riga sun nuna cewa ba sai an kai wata uku ba, hawa ɗaya a kan keken motsa jiki ya isa ya rage metil daga bakin wasu ƙwayoyin gado na tsoka, ciki har da wata mai suna PGC-1 alfa, kuma gwargwadon tsananin aikin gwargwadon ragin.

Mai karatu zai ce to wannan ai tsoka ce, ina ruwan ƙwaƙwalwa? Nan ne aikin yake da wuya, domin ana iya roƙon lafiyayyen mutum ya ba da ɗan naman cinyarsa, amma babu wanda zai yarda a tsakuro masa ƙwaƙwalwa don a duba alamomin da ke kan DNA ɗinta. Shi ya sa mafi yawan abin da aka sani game da cikin kai daga ɓerayen gwaji ya fito, kuma ina roƙon a riƙe wannan a rai har ƙarshen wasiƙar nan. Sashen da aka fi sa wa ido shi ne hifokamfas, wani ɗan lanƙwasasshen yanki da ke can ciki, ɗaya a dama ɗaya a hagu, wanda ta cikinsa sabon abu yake bi kafin ya zauna a tunani. An gane muhimmancinsa ne ta hanya mai ban tausayi. A 1953 wani likita a Amurka ya cire wa wani matashi mai suna Henry Molaison mafi yawan wannan sashe na ɓangarorin biyu domin ya raba shi da farfaɗiya. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma daga ranar har rasuwarsa a 2008 bai sake iya adana sabon abin da ya faru da shi ba, har masu binciken da suka yi shekaru suna ziyartarsa sai sun sake gabatar masa da kansu. Wannan sashe yana cikin wuraren da cutar Alzheimer take fara ci, kuma ko babu cuta yakan ɗan motse a hankali idan shekaru sun ja.

A 1982 Yves-Alain Barde da Hans Thoenen, suna aiki a Jamus, suka tace wani furotin daga ƙwaƙwalwar alade wanda daga baya aka san shi da BDNF. Aikinsa ga ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa ya yi kama da aikin taki ga shuka, domin yana raya su, yana sa su fitar da rassa, yana kuma ƙarfafa mahaɗar da saƙo yake tsallakawa daga ɗaya zuwa ɗaya, wadda ita ce tushen koyo. A 1995 ɗakin binciken Carl Cotman a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine ya sa wa ɓeraye ɗan wili a keji, irin wanda ɓera yake shiga ya yi ta gudu yana juya shi. Bayan 'yan darare kaɗan aka duba, sai aka ga karanta ƙwayar gadon BDNF ya ƙaru, kuma wurin da ƙarin ya fito fili shi ne hifokamfas, sashen adana abin da aka koya, wanda ba shi ne mai juya ƙafa ba. Wanda ya fi gudu shi ya fi samun ƙarin. Babu mai korar ɓerayen nan, da kansu suke shiga idan dare ya yi, kuma ɓera ɗaya yakan share kilomita da dama kafin gari ya waye. Na taɓa zaton ƙuncin keji ne yake sa su, har na karanta cewa wasu masu bincike na Jami'ar Leiden a ƙasar Holan sun ajiye irin wannan wili a fili, ɓerayen daji suka riƙa zuwa suna hawa don ra'ayin kansu, har da kwaɗi a wasu lokuta.

Shekara huɗu bayan aikin Cotman, Henriette van Praag da Fred Gage na Cibiyar Salk suka nuna cewa ɓerayen da ke gudu suna samun sababbin ƙwayoyin jijiya a hifokamfas kusan ninki biyu na waɗanda ba su da wili, kuma sun fi su saurin koyon hanya a gwajin da ake yi musu cikin ruwa. Wannan ya zo ne a lokacin da tsohuwar fahimtar da aka gada daga Santiago Ramón y Cajal, ɗan Sifen da ya karɓi kyautar Nobel a 1906, take rushewa, wato cewa ƙwaƙwalwar baligi ba ta yin sababbin ƙwayoyin jijiya, sai dai ta rasa waɗanda take da su.

Tambayar da ta rage ita ce ta yaya labarin abin da ƙafa take yi yake isa ga DNA ɗin da ke cikin kai. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na ƙarfin da jiki yake ƙonawa, kuma duk da wannan ci nata tana da tsantseni, domin bangon jijiyoyin jinin da ke ratsa ta a liƙe yake gam, ba kowane abin da ke yawo a jini yake samun shiga ba. Amsa mafi tsabta da na sani ta fito ne a 2016 daga Sama Sleiman ta wata jami'a a Labanan tare da Moses Chao na Jami'ar New York. Idan aka daɗe ana aiki sukarin da jiki ya tanada ya ja baya, sai hanta ta koma sarrafa kitse, ta fitar da wani sinadari da ake taƙaita sunansa da BHB. Shi wannan yana da izinin ƙetare shingen, domin ƙwaƙwalwa tana amfani da shi a matsayin makamashi. Abin da suka gano a ɓerayen da suka yi kimanin wata guda suna gudu shi ne, BHB ya taru a hifokamfas, kuma yana dabaibaye HDAC2 da HDAC3, wato biyu daga cikin masu ɗame naɗin nan da na ambata. Da aka riƙe hannun masu ɗamewa, sai ƙyallen ya sassauta daidai inda aka rubuta BDNF, aka shiga karanta shi. Fernando Gómez-Pinilla da abokan aikinsa sun riga sun ga ɗaya rabin labarin a 2011, inda suka tarar metil ya ragu a bakin wannan ƙwayar gado a ƙwaƙwalwar ɓerayen da suka yi gudu.

Ba ɗan aike ɗaya ne yake kai saƙon ba. Laktet, wanda tsoka take zubarwa cikin jini idan aiki ya yi tsanani, kuma aka daɗe ana yi masa kallon shara, shi ma yana shiga ƙwaƙwalwa ya zaburar da BDNF. Haka kuma PGC-1 alfa ɗin da aka ga an cire wa metil a cinyar mutane tana sa a samar da wani furotin da aka raɗa wa suna airisin a 2012, wanda shi ma aka danganta shi da zaburar da BDNF a ƙwaƙwalwa. Amma wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne na Jorge Ruas da ɗalibansa a Karolinska, a 2014, saboda ya taɓo ciwon damuwa. Idan rai yana cikin matsi na tsawon lokaci, wani sinadari mai suna kainurenin yakan ƙaru a jini, kuma yana iya ƙetare shingen ya shiga ƙwaƙwalwa ya haddasa kumburi. Tsokar da ta saba aiki tana buɗe wasu ƙwayoyin gado da suke ƙera abin da ke juya kainurenin zuwa wani nau'in da ba ya iya ƙetarewa. Ɓerayen da aka ƙarfafa wa wannan hanya a tsoka sun jure matsin da ya karya sauran. Wato a nan tsoka tana tare guba ne tun a hanya, kamar yadda ƙoda take tace jini. Sannan a 2020 ɗakin binciken Saul Villeda a San Francisco ya ɗebi ruwan jinin tsofaffin ɓerayen da suka yi gudu ya ɗura wa tsofaffin da ba su yi ba, sai waɗanda aka ɗura wa suka samu ƙarin sababbin ƙwayoyin jijiya da ƙarin kaifin koyo, aka kuma bi sawun abin har zuwa wani furotin da hanta take fitarwa.

A mutane, shaidar da aka fi ambata ita ce ta Kirk Erickson da Arthur Kramer, wadda aka wallafa a 2011. Sun raba dattijai 120 gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi suna tafiya da sassarfa sau uku a mako, sun fara da minti 10 ana ƙara musu kaɗan-kaɗan har suka kai minti 40, ɗaya rabin kuma suna miƙe gaɓoɓi kawai. Bayan shekara guda hoton ƙwaƙwalwa ya nuna hifokamfas ɗin masu tafiya ya ƙaru da kusan kashi 2 cikin 100, na ɗaya rukunin kuma ya ragu da kusan kashi 1.4, kuma a cikin masu tafiyar, waɗanda BDNF ɗin jininsu ya fi hawa su ne sashen nasu ya fi girma. Akwai wani abu a cikin rahoton da masu yaɗa shi sukan tsallake, kuma adalci ne a faɗe shi: a gwajin tuna wurin da aka ga abu, rukunonin biyu duka sun inganta, masu tafiya ba su yi wa sauran fintinkau ba. Girman sashe a hoto abu ne daban, tuna inda aka ajiye makulli kuma abu ne daban.

Wannan ya kawo ni ga inda nake ganin ana ƙara wa miyar gishiri. Ɓeran da ke keji babu wili yana cikin ƙuncin da babu irinsa a rayuwar ɓera ta asali, don haka wani ɓangare na abin da ake kira amfanin gudu yana iya zama komawa ne kawai ga yadda ya kamata ya kasance tun farko. Batun ko ƙwaƙwalwar babban mutum tana yin sababbin ƙwayoyin jijiya da yawa har yanzu ana ja-in-ja a kansa, domin a 2018 kaɗai rahotanni biyu sun fito daga manyan jami'o'in Amurka, ɗaya ya ce kusan babu su bayan ƙuruciya, ɗaya ya ce suna nan har tsufa. Mutane ma ba ɗaya suke ba, tun da an gano a 2003 cewa bambancin harafi guda a ƙwayar gadon BDNF yana rage yadda ƙwayoyin jijiyar wasu mutane suke sakin furotin ɗin. Kuma duk wanda ya zo maka da kwalba ya ce a ciki akwai airisin ko wani abin da zai buɗe maka ƙwayoyin gado kana kwance, aljihunka yake hange, domin abin da gwaje-gwajen nan suka nuna shi ne tsoka da hanta da zuciya da jijiyoyin jini suna aika saƙonni da dama a lokaci ɗaya, kuma har yau ba a amince da wani magani da ya maye gurbin wannan taron dangi ba. Wani ɗalibina ya taɓa tambayata ko idan ya dage da gudu 'ya'yansa za su gaji kaifin ƙwaƙwalwar. Na ce masa ya yi gudunsa don kansa, domin mafi yawan alamomin nan ana goge su ne a kwanakin farko na shigar ciki, ɗan tayi ya fara da nasa.

Mafi nauyin gargaɗin shi ne na lokaci. A Ingila an yi wani gwaji da mutane 494 waɗanda cutar mantuwa ta riga ta kama, aka sa wasunsu motsa jiki mai ɗan tsanani na wata huɗu tare da ƙarfafa musu gwiwa su ci gaba, aka fitar da sakamakon a 2018. Jikinsu ya yi ƙwari, amma mantuwar ba ta ja da baya ba, har ma makinsu ya ɗan gaza na sauran da kaɗan. Saboda haka bai dace a ɗora wa iyalin mai wannan cuta laifin cewa da sun fitar da shi yawo da ya warke ba. Inda shaidar take da ƙarfi shi ne kafin cutar ta zo. Kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024 waɗanda in an magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na cutar mantuwa, kuma rashin motsa jiki yana cikinsu, tare da hawan jini da ciwon sukari da ƙiba da damuwa, waɗanda su ma motsa jiki yana rage su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane miliyan 57 ne suke da cutar a 2021, ana samun sababbin kamu kusan miliyan 10 duk shekara, a daidai lokacin da kashi 31 cikin 100 na manyan mutanen duniya ba sa motsa jiki gwargwadon da ake buƙata.

Gwargwadon da hukumar ta shata ga baligi shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na aiki matsakaici, irin tafiyar da mutum zai iya magana a cikinta amma numfashinsa ya ɗan hau, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, tare da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako, yara da matasa kuma minti 60 kowace rana. Ilimin ƙwayoyin gado yana bayyana dalilin da ya sa ya fi kyau a rarraba shi a cikin mako maimakon a tara shi rana ɗaya a wata. Bayan kowane motsa jiki karanta ƙwayoyin gadon nan yakan hau na wasu sa'o'i, sannan ya sauko galibi kafin a yi kwana guda, kuma tarin waɗannan hawa-hawan ne a kai a kai yake gina furotin ɗin da ke zama. Wanda ya daina kuma bai yi asarar komai da komai ba. A wani ƙaramin gwaji da Adam Sharples ya jagoranta a Ingila, wanda ya fito a 2018, an sa wasu maza ɗaga nauyi na mako bakwai, suka huta mako bakwai har tsokar ta koma yadda take, sannan suka koma aiki na wani mako bakwai. An tarar wasu wuraren da aka cire wa metil a zagayen farko sun zauna a buɗe duk tsawon hutun, kuma a zagaye na biyu tsokar ta fi girma. Mai ciwon zuciya, ko wanda ƙirjinsa yake ɗaurewa ko jiri yake ɗibarsa idan ya yi sauri, shi kam sai ya ga likita kafin ya fara.

Roƙona gare ka, ranka ya daɗe, shi ne idan wakilanku za su kawo labarin wani sabon bincike a wannan fanni, su riƙa gaya wa mai karatu ko a ɓera aka yi shi ko a mutum, mutum nawa ne, kuma tsawon wane lokaci, su kuma guji kalmar warkarwa a inda masu binciken suka ce rage haɗari. Ina kuma fatan wata rana za ku gayyato likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ya yi wa masu karatu bayanin yadda ake bambance mantuwar yau da kullum da farkon cutar, domin wannan ya fi ƙarfin malamin aji.

Na gode da filin da ka ba ni.

Naka,
Wani malamin ilimin halittu, mai bibiyar shafinku na lafiya